Na Kai Kaka Yamai Neman Ido

Tun da na dawo daga Yamai, ƙawayena Hadiza da Rabi ba su bar ni na huta ba. A bakin famfo su tambaye ni, a filin lekkol, wato makarantarmu, su tambaye ni: yaya garin yake, da gaske ne motoci ba sa ƙarewa, na ga gulbi da idona? Ni kuwa in aka kewaye ni, harshena nauyi yake yi, sai in ce lafiya lau in sunkuyar da kai. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ya karanta a bar ni, don har yanzu ƙuguna bai manta da kujerar motar nan ba.

Ba yawo na je ba. Kakata, mahaifiyar Baba, na kai asibitin ido. Ganinta ya daɗe yana raguwa ta gefe-gefe, har ya zama kamar mai leƙe ta ramin kara, shi ma ramin da hazo a ciki. Maƙwabcinmu Malam Garba an cire masa yanar ido a Yamai, yanzu da kansa yake sa zare a allura, don haka kowa a gidanmu ya ɗauka na Kaka ma haka ne. Baba yana tsakiyar girbin hatsi, Inna tana da jinjiri, sai jagora ta faɗo kaina. A can kuma Gwaggo Mariyama, ƙanwar Baba, za ta tare mu.

Sai da na je neman izini wurin Madam Hawa, malamar ajinmu na shida. Ga wanda ba ɗan ajinmu ba, Madam tana da hanyarta ta koya mana sababbin kalmomin Faransanci. Ba ta yarda a haddace daga allo kawai ba, sai ta kawo abin a hannu. Ran da za ta koya mana irréversible, ƙwan zabuwa ta zo da shi, ta fasa a kwano, ta miƙa wa Sani mai surutu ta ce ya mayar mata da shi cikin ɓawonsa. Muka yi ta dariya, Sani yana kwasar gwaiduwa da yatsu. Ta ce, "To kun gani. Abin da ba ya komawa yadda yake, sunansa ke nan." Tana kuma da wani baƙin dutse mai sulɓi. Duk wanda ya rasa sunan abu ya ce chose, wato "abu", shi zai tafi gida da dutsen, sai wani ya faɗa tarkon ya karɓe shi. Kowa a ajin ya taɓa ɗaukarsa ban da ni. Ba don na fi kowa ba ne. Wanda bai buɗe baki ba, ta ina zai ce chose?

Madam ta san da haka. Ta ce, "Je ki, Balkisa, Allah ya ba Kaka lafiya. Amma hatsin da aka zuba a rumbu aka ƙi buɗewa, ƙwari ke cinye shi. Ki tuna." Na ce to, ina kallon takalminta.

Bayan sallar asuba Baba ya raka mu tasha. Kaka ta sa zanenta na sallah, ta rambaɗa kwalli da lalube har ya taɓo mata kumatu, ta kuma rungumo kwando da zabuwa a ciki. Baba ya ce, "Inna, likitan birni ba shi amsar zabuwa." Ta ce, "Kai dai tahi gonarka. Ina ka taɓa ganin an je wurin mai magani hannu rabbana?"

Mun shiga motar da sanyin safiya, amma ba ta tashi ba sai da rana ta yi zafi, ana jiran ta cika. Da ta cika ma aka ƙara. Aka matse ni tsakanin Kaka da wata mata mai ƙiba, ƙafafuna bisa buhun wake, gwiwoyina kusa da haɓata, kwandon zabuwa a cinyata. A saman motar an ɗaure awaki, duk ramin da muka faɗa sai su yi kuka, ƙafafunsu suna ƙwanƙwasa rufi kamar masu neman a buɗe musu.

Ba mu gama fita garinmu Filingue ba Kaka ta zungure ni. Bebiya take ce mini tun ina ƙarama, don rashin maganata.

"Bebiya, mi kike gani?"

Na ce a hankali, "Itatuwa."

"Itatuwa! Ba su da suna? Uwarsu ba ta raɗa musu ba?"

Na duba da kyau. Na ce gawo, na ce aduwa, na ce ga goriba can cikin kwari. Ta gyaɗa kai. Can na ce ga wata ƙasa ja mai tauri, ko ciyawa babu. Ta ce, "Fako ke nan." Da muka zo wurin da yashi ya yi tudu, ta ce jigawa. Ni da aka haifa a Kurfai, sai ga shi a mota nake jin sunan ƙasarmu. Amma da na hango wani dogon ƙarfe bisa tsauni na ce, "Ga wani abu can," sai ta buga mini cinya, zabuwa ta firgita.

"Abu, abu! Ke ma naki idon ya mutu? Ni in ce abu, ke ki ce abu, wa za ya ja wani?"

Mutanen motar suka kwashe da dariya. Wani mai hula a gaba ya waiwayo ya ce, "Ƙarfen salula ne, Inna, shi ka kai magana." Na ji kamar in shige cikin buhun waken. A raina na ce, ashe na baro Madam a Filingue na taho da wata, wannan kuma ba ta da dutse, hannu gare ta.

Bayan Bankuku jandarmomi suka tsayar da mu, aka ce kowa ya fito da katinsa. Na nuna na lekkol. Kaka ta kwance ƙullin bakin zanenta, ta laluba ta miƙa. Jandarman ya dubi katin, ya dubi Kaka, ya sake duban katin.

"Inna, yaushe kika aske gemun?"

Na leƙa. Katin marigayi kakana ne, ya yi laushi don tsufa, gefensa duk ya cinye. Ban taɓa sanin tana yawo da shi ba. Kaka ba ta ji kunya ba ko kaɗan. Ta ce, "Ba ni mijina, ɗan nan, ga nawa." Ya mayar mata da hannu biyu. Da motar ta tashi ta ce da ni, da shi ta je Yamai sau ɗaya tak, tana amarya, ya kai ta bakin gulbi ta ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. "In likita ya buɗe mini ido, ba ni son ganin kowa, ba ke ba, ba Mariyama ba. Gulbi za a fara kai ni."

Mun faɗa Baleyara ranar kasuwa. Shanu, raƙuma, amalanke, mutane, motar tana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai. A nan harshe ya juya, ko'ina Zabarmanci. Wata mai tallar abinci ta leƙo ta taga, ta ga kwandona, ta ce da Hausarta mai karkata, "Ke yarinya, Baleyara ake kawo wa zabuwa? Gobe sai ki kai wa gulbi ruwa." Mun sayi zogale da ƙuli a leda. Mu kwaɗo muke ce masa, su kopto, kuma barkononsu ya fi namu rashin kunya. Kaka tana ci tana hawaye tana cewa ba komai, wankin ido ne kafin likita.

Gaba kaɗan taya ta fashe. Muka zauna gindin wata sabara da inuwarta ba ta kai tabarma ba. Ruwan gorarmu ya yi ɗumi kamar na wanka. Kaka ta gaji har ta daina tambayata abin da nake gani, ni kuma na ji daɗin haka, sannan na ji kunyar jin daɗin.

Rana ta yi ja muka shiga Yamai. Gwaggo Mariyama tana tasha tun azahar, ta rungume Kaka tana faɗa da direba lokaci guda. Gidan da take haya ɗakuna ne a jere, kowane da iyalinsa, tsakar gidan ba ta kai garken awakinmu ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, mutum zai fito daga ɗakin da ke jikin naka ya wuce, ko ina wuni babu. Makewayi ma da kwaɗo ake rufe shi, mabuɗin yana rataye a ƙusa. Kaka ta gaida wata maƙwabciya gaisuwa irin tamu, ta tambayi gida da yara da gajiya da damina, matar ta amsa biyu ta shige. Kaka ta ce, "Wagga ko an yi mata rasuwa ne?" Gwaggo ta ce, "Aiki za ta, Inna, nan haka ake." Abinci kuwa shinkafa da rana, shinkafa da dare, da safe burodi dogo kamar sandar makiyayi. Kaka ta ce cikinta bai san ya ci komai ba tun da ba tuwo. Sauronsu ya fi namu girma, babura kuma ba sa barci.

Da sassafe muka tafi asibiti. Mai gadi ya tare mu a ƙofa, ya nuna kwando ya ce wannan ba ta shiga. Kaka ta ce ta likita ce. Ya ce ko ta gwamna ce. Dole muka bar ta wurin mai shayi. A ciki benci-benci ne cike da tsofaffi, kowane da mai jansa, wasu da auduga manne a ido ɗaya suna murmushi su kaɗai. Kaka ta ce in faɗa mata su wa ke nan. Na ce mata akwai wani Buzu mai rawani shuɗi, da wata tsohuwa mai zobe a hanci, da wani da ya riƙe rediyo a kunne ba ta ko magana. Ta ce, "Yauwa, yau bakinki ya soma tsiro."

Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar ta dubi fuskar Kaka ta riƙe baki. "Wa ya sa mata wannan kwalli haka?" Aka ba ni auduga da ruwa na goge shi tas. Sai da na gama Kaka ta ce, "Na yi wa likita ado, an wanke." Aka zaunar da ita gaban wani allo mai zane kamar manjagara, wata ta dubi sama, wata ƙasa, aka ce ta nuna inda haƙoran suka fuskanta. Babbar kaɗai ta iya. Aka sa haɓarta a wata na'ura da ta hura mata iska a ido, ta zabura ta ce a'uzubillahi. Bayan duk wannan aka ce likita ya tashi, mu komo gobe.

Washegari muka sake bin layin tun daga farko. Likitan mutum ne siriri, idanunsa sun yi ja don gajiya, amma hannunsa da sauƙi. Ya daɗe yana haska idon Kaka da 'yar fitila. Ba ya jin Hausa, sai ya yi wa Gwaggo bayani da Zabarmanci, ban fahimci komai ba, na dai ga Gwaggo ta daina gyara ɗankwalinta. Sannan ya juya wurin ma'aikaciyar yana rubutu, ya yi magana da Faransanci ƙasa-ƙasa. Na tsinci cewa ba yana ba ce, jijiyar ido ce, kuma maganin ɗigawa zai tsare ɗan abin da ya rage. A tsakiyar maganar sai na ji kalmar nan. Irréversible. Nan take na ga kwanon Madam, na ga yatsun Sani cikin gwaiduwa.

Kaka ta ce, "Mariyama, mi ya ce? Yaushe za a yi aikin?"

Gwaggo ta ce, "Ya ce ba sai an yi aiki ba, Inna. Magani za a riƙa ɗiga miki, sannu-sannu za ki ga sauƙi."

"Alhamdu lillahi. To zabuwarsa ta jira. Kada wanda ya taɓa ta sai ran da na gan shi da idona na miƙa mishi."

Da muka fito Gwaggo ta dubi fuskata, ta gane na ji. Ta ja ni gefe ta ce, "Ki riƙe bakinki, kin ji? Tsohuwa ce, a bar ta da sa ranta." Sai ta ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ko da yake wa nake wa gargaɗi? Ke da ba ki magana."

Aka ɗaure zabuwa a ƙafar murhu. Duk sanda ta yi kuka sai Kaka ta ce a ba ta hatsi kada ta rame kafin ranar. Ni ke ba ta. Ban taɓa jin shiru ya yi mini nauyi ba sai a wannan gidan.

Ana gobe za mu komo, Kaka ta ce a kai ta gulbi. Gwaggo ta ce a bari sai ido ya buɗe mana. Ta ce a'a, ko iskarsa ta sha. Muka shiga takisi da la'asar, aka sauke mu kusa da gada. Na riƙe hannunta muka taka har inda ƙarfen gadar yake, na ɗora tafinta a kai. Motoci suna wucewa, gadar tana ɗan rawa ƙarƙashin ƙafa. Gwaggo ta gangara wurin masu kifi tana ciniki.

Kaka ta juyo da fuskarta wajena, ba daidai inda nake ba, ɗan gefe kaɗan.

"Balkisa."

Ba ta taɓa kirana da sunana ba sai in magana ta yi girma.

"Ke aka sa lekkol. Da ya juya yana yi wa yarinyar nan Nasaranci, na ji hannunki ya yi sanyi cikin nawa. Mi ya ce?"

Na dubi inda Gwaggo take. Ta ba mu baya, tana ɗaga wani kifi ta wutsiya. Da na yi shiru ba wanda zai ga laifina, kowa ya san ni da shi. Amma na tuna zabuwar nan a ƙafar murhu, da yadda Kaka za ta yi ta ba ta hatsi tana jiran ranar.

Na ce, "Kaka, ya faɗi wata kalma da Madam ta koya mana."

"Ina ji."

"Ta fasa ƙwai a kwano, ta ce a mayar da shi cikin ɓawonsa."

Babban yatsanta yana shafa ƙarfen gadar, gaba da baya. Na yi sauri na ƙara da cewa ɗan ganin da ya rage, in ana ɗiga maganin kullum ba fashi, likita ya ce zai tsaya. Wannan ma gaskiya ce.

Ta ce, "Dama muryar Mariyama ta cika zaƙi." Ta goge hanci da bakin mayafi. "To. Allah ya ba da, Allah ya amsa. Tun da haka ne, hwaɗa mini gulbi. In kuma na ji abu a bakinki, cikinsa zan tura ki."

Na duba. Na ce ruwan ja-ja ne kamar kunun tsamiya, yana tafiya ba gaggawa, faɗinsa ya fi daga gidanmu zuwa kasuwa. Na ce ga kwalekwale siriri, mutum ɗaya a tsaye yana tura shi da gora, ɗaya a zaune. Na ce ga maza suna wanki a bakin ruwa, maza Kaka, ba mata ba, sun shanya riguna bisa ciyawa kamar an baje kasuwa. Ta yi 'yar dariya. Na ce wani ganye kore yana yawo bisa ruwa tsibi-tsibi, ba shi da gindi. Ta ce, "Kainuwa." Sai na ga na zaunen ya miƙe ya watsa wani zagayayyen saƙi, ya buɗe a iska ya faɗa ruwa. Ban san sunansa ba. Na ji kalmar nan ta taho har bakin haƙorana, na haɗiye ta. Wani dattijo yana wucewa da keke a hannu. Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga yatsa ba, na ce, "Baba, don Allah, wancan da ya jefa, mi sunansa?" Ya leƙa ya ce, "Birgi ke nan, ɗiyata, na kamun kifi." Na ce wa Kaka birgi, ya buɗe kamar faifai. Ta ce, "Na gan shi."

Muna nan har rana ta sauka bisa ruwan, na faɗa mata wannan ma. Da Gwaggo ta hawo da kifinta, Kaka ta ce, "Mariyama, aje kifinki sai gobe. Yau zabuwa za a yanka." Gwaggo ta dube ni. Ban sunkuyar da kai ba, ko da yake na so. Ba ta yi mini magana ba har muka kwanta, amma da aka raba nama, cinya ta sa mini.

Komowa ba abin da zan ce a kai sai gajiya. Mota ɗaya ce da hanya ɗaya, kwandon dai ba komai a ciki sai kwalaben magani. Daga Yamai har Filingue bakina bai huta ba, har mai kusa da ni ta ce wannan yarinya rediyo ta haɗiya. Na iso murya a dishe, ƙafafu a kumbure. Kaka da kanta ta faɗa wa Baba abin da likita ya ce, ni ina ɗiga mata magani.

Ranar Litinin Madam ta ce wa zai ba aji labarin abin da ya gani. Hadiza, kin ga lokacin da na ɗaga yatsa. Na yi bayanin gada da kwalekwale da Faransanci, ina zuwa kan birgi na rasa sunansa a harshen, na ce chose. Ajin ya ɗauki ihu, Sani har da rawa, don a wurinsa dutsen yake. Madam ta karɓa ta sa mini a tafi, ta naɗe yatsuna a kai.

Da na koma gida Kaka tana zaune a inuwar zaure. Ta ce, "Bebiya, na aike ki da idona tun safe, mi kinka kawo mini?" Na sa mata dutsen a hannu. Ta juya shi, ta auna nauyinsa, ta mayar mini.

"Wanga dutse ne, hannuna ya hwaɗa mini. Zamna nan. Soma daga ƙofar gida, wa kinka fara gamuwa da shi, wace riga ya sa?"